Minti Biyar da Matakalar Gidan Tarihi

Shekara talatin da shida da suka wuce aka kira wani kafinta ya duba wata ƙofa mai cijewa a tsohon gidan benen da ke kwanar titin asibiti. Mai gidan ya tambaye shi tsawon lokacin da aikin zai ɗauka. Ya ce, "Minti biyar ne, yallaɓai." Ƙofar ta ci minti arba'in. Yana tattara kayansa aka nuna masa taga, daga taga aka nuna masa silin, daga silin aka ba shi wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar baya ya ajiye zartonsa zuwa gobe. Har yau goben ba ta ƙare ba. Sunan kuma ya bi shi, Minti Biyar. Matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Gidan ya shekara ɗari da talatin. Ɗakuna goma sha tara, ƙofofi talatin da ɗaya, tagogi arba'in da huɗu, kowace da murfin katako biyu. A babban falo akwai matakala mai hawa ashirin da bakwai, kowane hawa da sanduna uku masu riƙe da katakon da ake dafawa, sanduna tamanin da ɗaya ke nan. Minti Biyar ya san su kamar yadda ya san haƙoransa, har ya fi, don su ba ya barin ko ɗaya ta faɗi.

Da mai gidan ya rasu ya bar magada goma sha huɗu, kuma a cikin shekara ashirin da biyu ba su taɓa haɗa baki a kan ƙusa ɗaya ba. In ka ce wa babban ɗa gara ta ci taga, sai ya ce ka gaya wa ƙanwarsa. Ƙanwar ta ce tagar a ɓangaren 'yan ɗakin can take. Ita kuwa gara ba ta jiran taron dangi. Don haka Minti Biyar ya daina tambaya. Duk abin da ya ruɓe sai ya cire, ya nemo tsohon katako a duk inda ya gani, ya sassaƙa shi daidai da na da, ya shafa mai, ya mayar. Bencin makarantar da aka rushe, jikin babbar motar da ta mutu a gareji, kantar wani tela da ya koma sayar da waya. Sabon katako bai taɓa shiga gidan ba, domin a cewarsa sabon katako yaro ne, sai ya yi ta murɗewa shekara biyar kafin ya yi hankali.

Yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko wurin wanda ya koya masa sana'a. A bayan kowane katako, gefen da ke kallon bango ko ƙasa, yakan rubuta da fensir ranar da ya sa shi, da inda ya samo shi, da duk abin da ya faru a ranar. "Bencin makaranta. Yau Auta ta fara tafiya." "Jikin mota. Haƙori ya hana ni sakat." Amfanin shi ne in katako ya ruɓe a san shekarun da ya yi, a san irin da ba ya jurewa. Fensir ɗaya yana kai shi wata bakwai.

Laifi ɗaya ya taɓa yi a sana'arsa, kuma a gida ya yi shi. Shekara goma sha tara da suka wuce gara ta shiga sandunan babbar matakala, ta cinye hamsin da huɗu a damina biyu. A daidai lokacin surukarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta rasu ta bar wa 'yarta wani gadon kwana na baƙin katako, mai nauyin da sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi. Ƙafa ɗaya tana ɗan rawa. Minti Biyar ya kalli gadon, ya kalli launinsa, ya ce wa matarsa bari ya kai wurin aiki ya ɗaure ƙafar.

"Yaushe zai dawo?"

"Minti biyar ne."

Tun daga nan, sau biyu a shekara take tambaya, sau biyu yana cewa gam bai gama kamawa ba. Tambaya talatin da takwas. Ita ba ta taɓa shiga babban falo ba. Magada sun kulle shi saboda rigimar wani madubi, mabuɗi ɗaya ne a hannun kafinta, kuma in ta kawo masa abincin rana ta ƙofar baya take miƙawa.

A bara magadan suka yi abin da ba su taɓa yi ba, suka yarda da abu ɗaya: a sayar. Wani kamfani mai ba da shawara kan kare muhalli ya saya don ya mayar da shi ofisoshi. Ranar wata Litinin mutum uku suka iso da hulunan kwano farare tas. Akwai Manaja, mai magana kamar ana ɗaukarsa a kyamara. Akwai Injiniya, mace matashiya mai tef ɗin awo a ƙugu, wadda ita kaɗai ta gaishe da kafintan. Sai Dokta, masanin tsofaffin gine-gine, mai gilashin duba ƙananan abubuwa rataye a wuya.

Manaja ya tsaya a tsakiyar falo ya yi bayani na minti ashirin da biyar. Gyara ne mai ɗorewa. Sola a kan rufi, tankin tara ruwan sama, fitilu masu kashe kansu, wurin ajiye kekuna goma sha biyu duk da ba ma'aikacin da ke da keke. Amma babban abin shi ne satifiket, takardar shaidar cewa gini bai cutar da muhalli ba. Kamfanin da ke koya wa duniya kare muhalli ba zai zauna a ofis marar satifiket ba, kuma ba a bayarwa sai kashi saba'in cikin ɗari na katakon gidan ya zama na asali. Dokta zai bi katako ɗaya bayan ɗaya. Na asali a manna masa koriyar sitika ya zauna, na banza a manna masa ja a fitar.

Kwana tara Dokta yana bi, Minti Biyar na riƙe masa tsani. Katako ɗari shida da arba'in. Kore ɗari biyar da goma sha biyu, ja ɗari da ashirin da takwas. Kashi tamanin cif. Manaja ya yi tafi shi kaɗai.

Minti Biyar bai yi tafi ba. Shi ma yana nasa ƙidayar a zuci, kuma cikin korayen nan ɗari uku da ɗaya nasa ne. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne jajayen. Ƙofar kicin, wadda ita kaɗai ce a gidan ba wanda ya taɓa canja mata ko ƙusa tun da aka gina, Dokta ya ƙwanƙwasa ta ya yatsine fuska.

"Aikin kasuwa. Dubi yadda ta karkace. Mutanen da ba sa irin wannan."

A gindin matakala kuwa sai da ya cire hula. Ya shafa sanda ta goma sha ɗaya, ya sa gilashi, ya kira sauran.

"Ku zo ku ga hannu. Wannan hannun ya mutu, ba za a sake irinsa ba. Kun ga wannan baƙin tabon? Ƙuna ce. Shaidar wata gobara ce da aka yi a farkon zamanin gidan."

Minti Biyar ya san tabon. Dutsen guga ne Inna ta manta a kan gado ranar da aka ce mata jikarta ta faɗa kwata.

Da yamma Manaja ya kira shi gefe, ya dafa kafaɗarsa.

"Baba, mun gode da hidima. To amma ka ji abin da Dokta ya ce. Katako irin wannan sai ƙwararre. Mun yi magana da wani a ƙasar waje, zai riƙa zuwa sau biyu a shekara. Ɗakin nan naka na ƙarƙashin matakala kuma nan za mu sa baturan sola. Ƙarshen wata ya yi maka?"

"Yallaɓai, ni ma ina ɗan taɓa aikin."

"Na sani, Baba, na sani. Amma dubi wannan," ya nuna sandunan. "Tsakaninka da Allah, za ka iya irin wannan?"

Minti Biyar ya rataya jakarsa ya kama hanya. Tafiyar gida taku dubu ɗaya da ɗari biyu ce, kuma a ranar kowane taku da lissafinsa. Shekararsa sittin da uku. Ba shi da shago, ba shi da takarda, duk abin da zai nuna ya ce shi ya yi yana cikin gidan nan manne da koriyar sitika. In ya yi shiru, ƙarshen wata ya kwashe zartonsa. In ya yi magana, ɗari uku da ɗaya su fita daga ɗari biyar da goma sha biyu, saura ɗari biyu da goma sha ɗaya, kashi talatin da uku ke nan. Satifiket ya tafi, kuma ba kamfanin da zai riƙe mutumin da ya kashe masa satifiket. Ga Dokta, mutum mai digiri uku, a ce masa abin da ya cire wa hula gadon tsohuwa ne. Sannan ga uwar gida, wadda ta fi su duka.

"Lafiya kake juya cokali kamar mai neman allura?" in ji matarsa da dare, yana gaban kwanon abinci.

"Aiki ne."

"Aikin da kake yi shekara talatin da shida yau ya fara yi maka nauyi? Af, tunda an sayar da gidan, sai ka dawo min da gadon Inna kafin su haɗa da shi."

Tambaya ta talatin da tara. Ya ce gam ya kusa.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana ɗauke da maganar. Ya taya leburori sauke jajayen katakai, ya jera su a bayan gida da kansa don kada a jefar da su kamar itacen wuta. Sau uku ya nufi Injiniya, sau uku ya ƙare da tambayarta ƙarfe nawa. A na ukun ta ce, "Baba, ga agogo a hannunka."

Ranar Alhamis motar yashi ta juye kayanta a bakin ƙofar baya, ta toshe ta ruf. Ƙarfe ɗaya da kwata matarsa ta iso da kular abinci, ta ga ba hanya, ta zagayo ta gaba. Babban falo a buɗe yake, an wanke tagogi, rana ta sauka a kan matakala. Dokta na tsaye yana karanta wa Manaja da Injiniya rubutun da za a zana a allon tagullar da za a kafa wa baƙi a gindin matakala. Minti Biyar na sama a hawa na ashirin, da tsumma a hannu.

Ta yi sallama, aka amsa. Ta ɗaga kai za ta kira shi, sai idonta ya tsaya a sanda ta goma sha ɗaya. Ta ajiye kular a ƙasa a hankali. Ta hau hawa huɗu, ta sa yatsa a kan tabon.

"Hajiya, don Allah ba a taɓawa," in ji Dokta. "Shekararsa ɗari da talatin."

"Wa?"

"Katakon."

"Ikon Allah. Mai shi ma saba'in da huɗu ta yi." Ta ɗaga murya. "Minti Biyar! Sauko. Sauko ka nuna min inda gam ɗin bai kama ba."

Ya sauko. Hawa goma sha shida ne tsakaninsu, bai taɓa jin matakalar ta yi gajarta haka ba.

"Wannan ƙafar gadon uwata ce ko ba ita ba ce?"

"Gefen kai ne. Ƙafafun suna can sama."

"Au, har gyara min kake yi!"

Manaja ya yi 'yar dariya ya ce wataƙila Hajiya ta ga kama ne. Ta juyo ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ɗana, a kan katakon nan aka haife ni. A kansa na yi ƙyanda. Wannan tabon ina tsaye aka yi shi, ni na kwashe zanin da ya ƙone. Kai a ina ka san shi?"

Minti Biyar ya ga abin da yake tsoro ya riga ya faru, kuma ga mamakinsa sai ya ji kamar an sauke masa buhun siminti. Ya zaro sukundireba daga aljihu, ya kwance sandar, ya juya gindinta ya miƙa wa Injiniya. Ta karanta a bayyane.

"Gadon Inna, gefen kai. Allah ya jiƙanta. Allah ya sa kada a gane."

"Amin ga na farko," in ji matarsa.

Dokta ya karɓa, ya sa gilashi, ya daɗe yana duban rubutun fensir kamar zai canja. Manaja ya zauna a kan bokitin fenti.

"Guda nawa ne haka, Baba?" in ji Injiniya.

"Ɗari uku da ɗaya, 'yata."

"Duka da rubutu?"

"Ban da biyu. Ranar fensir ya ƙare, da ƙusa na karce."

"Mun mutu," in ji Manaja. "Na riga na gaya wa shugabanni kashi tamanin. An buga a kalanda!"

Injiniya ta juya ga kafintan. Ta sa Minti Biyar ya kwance mata murfin taga ɗaya, da allon bene ɗaya, da gefen wata ƙofa. Kantar tela. Bencin makaranta. Jikin mota. Kowanne da rana da wata da shekara. Sai ta buɗe jakarta ta fito da littafin ƙa'idojin satifiket, mai shafi ɗari biyu da shida, wanda a duk kamfanin ita kaɗai ta wuce shafi na goma. Ta buɗe shafi na tamanin da bakwai ta miƙa wa Manaja.

Ashe dokar layi biyu ce. Kashi saba'in na katakon ya zama na asali, ko kuma tsohon katako da aka sake amfani da shi, muddin akwai rubutacciyar shaidar inda kowane guda ya fito. Ba mai karanta layi na biyu, domin ba a taɓa samun mahaukacin da ya rubuta tarihin kowane katako ba. Kuma wanda aka sake amfani da shi makinsa ya fi na asali, tunda shi an cece shi ne daga bola.

Manaja ya karanta sau biyu. Ya miƙe daga kan bokitin, da zoben farin fenti a bayan wandonsa.

"Wato maki ya ƙaru?"

"Ya ƙaru. In kuma ba a ɗauko ƙwararre a jirgi sau biyu a shekara ba, akwai wani makin a shafi na casa'in."

"Baba!" Manaja ya kama hannunsa da hannu biyu. "Ai kai ne manufar kamfanin nan tun kafin a kafa shi. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ka tambaye ni ko zan iya irinsa, yallaɓai. Ba ka tambaye ni wa ya yi ba."

Dokta ya yi gyaran murya. Ya ce a lura, shi dai cewa ya yi hannu ɗaya ne ya yi sandunan, kuma hannun gwani ne, kuma a nan bai yi kuskure ba. Batun cewa hannun ya mutu, wannan kintace ne na ilimi. Ba wanda ya tuna masa gobara.

Saura allon tagulla. An riga an ba da aikinsa, kuma Manaja ya ce baƙi suna son jin ɗari da talatin, ba mai hawa mota ya zo kallon gadon surukar wani. Aka yi shawara ta minti shida aka raba gaskiyar biyu. A fayil ɗin da ke sama, wanda masu satifiket za su gani, matakalar gadon Inna ce. A allon da ke ƙasa, wanda baƙi za su gani, aikin magabata ce. Baturan sola aka kai su tsohon kicin. Ɗakin ƙarƙashin matakala ya zauna wa mai shi, aka liƙa masa suna a ƙofa: Sashen Kula da Kayan Tarihi. Ma'aikacin sashen ɗaya ne, shugabansa ma shi ne.

"To ni fa?" in ji matarsa, da ta ga kowa na murmushi. "Kowa ya samu nasa. Ni a kan fayil zan kwana?"

Injiniya ta dubi Minti Biyar, ta dubi bayan gida. Jajayen katakai ɗari da ashirin da takwas na jere a can, kuma doka ta hana a ƙone su ko a kai bola, sai an samo mai amfani da su. Kwana huɗu tana neman wanda zai kwashe.

Washegari aka kai su gidansa a kura uku. Ya zaɓi goma sha bakwai, har da ƙofar kicin, waɗanda ya san tun ginin farko suke. Matarsa ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu.

"Kwana nawa?"

"Ai wannan min..."

"Ka ƙarasa ka gani."

Kwana tara ya yi. Gadon ya ɗan karkace ta gefen ƙofar kicin, amma ba ya rawa, kuma sai ƙarti biyar ke ɗaga shi.

Yanzu ofisoshin sun buɗe. Ma'aikata arba'in da biyu, fitilu na kashe kansu ko da mutum na zaune in bai motsa ba, don haka kowane minti goma sai ka ga wani ya ɗaga hannu sama kamar mai son yin tambaya. A wurin ajiye kekuna akwai keke ɗaya, na Minti Biyar, da kamfani ya ba shi don hoto. In baƙi sun zo, shi ake kira ya tsaya kusa da allon tagulla, su shafa sanda ta goma sha ɗaya su girgiza kai su ce yanzu ina za a samu masu irin wannan aiki. Yakan ce, "Sai an tona, yallaɓai."

Ran nan 'yarsu Auta ta zo gida ta leƙa ƙarƙashin sabon gadon tana neman takalmin ɗanta, ta ga rubutun fensir a jikin allon tsakiya. Ta karanta wa uwarta: "Ƙofar kicin, shekara ɗari da talatin, Dokta ya ce aikin kasuwa ne. Yau an daina tambayata."

"Ya yi saurin rubutawa," in ji uwar. "Akwatin Inna ma cewa ya yi marfin zai gyara. Je ki tambayo min shi a wace taga yake."